Geron da Muke Ratayawa a Ƙofar Zaure

Shekaranjiya da hantsi wata maƙwabciyarmu ta gasa tumu, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina wanke-wanke. Ban san lokacin da na ajiye kwanon da ke hannuna na zauna a ƙasa ba. Idan kai mai karanta wannan ɗan birni ne, tumu shi ne sabon gero da ake karyowa daga gona tun bai gama bushewa ba, a babbaka shi a wuta, a murza a tafin hannu, a hure, a watsa a baki. A wurinmu ƙamshinsa ne ke sanar da mutum cewa damina ta juya baya, kaka ta shigo. A gidan da na tashi kuwa, yana nufin lokacin gyaran ƙofar zaure ya yi.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Zurmi. Ba zan faɗi sunansa ba, don yanzu babu kowa a cikinsa. Mahaifiyata ta rasu ina goye, sai yayar mahaifina, wadda nake kira Gwaggo, ta dawo gida ta riƙe ni. Mijinta ya riga ya rasu, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Doguwar mace ce mai faɗa, mai manyan hannuwa, ba ta iya yabon mutum a gabansa. Idan na yi shara ta yi kyau, iyakar abin da za ta ce shi ne, "To, yau dai ba a ji kunya ba."

Duk shekara, da zarar ruwa ya ɗauke, Baba zai kwaɓa ƙasa ya toshe inda damina ta zaizaye a jikin zaure da dakalin da ke ƙofarsa. Daga nan aikin ya koma hannun Gwaggo. Takan jiƙa ɓawon ɗorawa a tsohuwar randa kwana da kwanaki, har ruwan ya yi ja ya yi duhu. Shi ne makuba, da shi ake yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Warinsa ba daɗi, amma har yau idan na tuna shi sai na ji kamar in shaƙa.

Kashin shanun da ake haɗawa a shafe bango kuwa, wata Bafulatana ce ke kawowa daga rugar da ke bayan gonarmu. Ƙawar Gwaggo ce tun suna 'yan mata. Takan sauke kwandon a ƙofar gida tana haki, ta ce, "Ku Haɓe kun cika abin mamaki. Duk damina kuna zagin shanunmu wai sun ci muku wake, kaka na yi kuma kashinsu kuke shafa wa ɗaki."

Gwaggo ta ce, "Ai waken namu ne ya dawo gida."

Su yi ta dariya har Bafulatanar ta share hawaye da gefen mayafinta, sannan su zauna su sha fura a inuwar zaure.

Ranar daɓe matan maƙwabta kan taru tun da sassafe, kowace da madaɓinta. Suna dukan ƙasa a tare, ƙarar na tafiya har bakin gari. Ni aikina yayyafa makuba da tsintsiya, kuma kullum sai an ce na yi yawa ko na yi kaɗan. Idan daɓen ya sha iska, Gwaggo za ta dama farar ƙasa a ƙwarya, ta tsoma yatsu uku, ta ja layi ta kewaye bakin ƙofar tun daga ƙasa ta dama har ta sauko ta hagu, ba tare da ta ɗaga hannu ba. Ƙasan bangon ta shafe shi da jar ƙasa. Sai a jera kabewa da duma a kan dakali, manya a gefe, ƙanana a tsakiya, a zarga jan barkono a zare a sagale. Duk wannan share fage ne kawai. Abin da ake jira shi ne gero.

Geronmu ba irin na kowa ba ne. Zangarniyarsa na da gashi dogo mai kaifi, tsuntsu ba ya iya sauka a kanta ya ci. Baba ya ce kakansa ne ya zo da irin daga wajen Shinkafi, ta hanyar Jangeru, a cikin jakar fata, kuma tun daga lokacin bai taɓa yankewa a gidanmu ba. Kafin girbi Baba kan shiga gona shi kaɗai, yana tafiya a hankali kamar mai neman abin da ya ɓace, yana ɗaura ɗan ganyen kaba a jikin duk zangarniyar da ta cika masa ido. Waɗannan ba sa shiga rumbu. Gwaggo ce ke kitsa su ta wajen kara, ɗauri uku, Baba ya hau turmi ya rataye su a saman ƙofar zaure daga waje, gashinsu na ƙyalli idan rana ta bugo.

Duk mai wucewa sai ya tsaya. Wani ya ce, "Masha Allahu, bana ma an yi." Wani tsoho abokin wasan Baba kullum cewa yake, "Wanga gero naku ya fi mai gidan gemu." Baba ya shafa haɓarsa da ba ta da komai, ya ce a shigo a sha ruwa. Ni kuwa nakan zauna a kan dakali tsakanin kabewa, ina jin kamar duk garin gidanmu ya zo kallo.

Kwana bakwai geron ke yi a wurin. A rana ta takwas sai in fito in ga babu shi, sai turakun da aka rataye shi kawai. Na san iri ne, don idan ruwan shuka ya sauka nakan ga Baba da shi a ƙwarya. Amma inda yake kwana tsakanin kaka da damina, ban taɓa tambaya ba. Cikin zaure wurin maza ne. A nan Baba da abokansa ke hura wuta da sanyi suna hira, ni kuwa idan zan wuce kaina a sunkuye nake wucewa, da sauri. Ina roƙonka ka riƙe wannan, don a nan kuskurena ya fara, tun ina yarinya, ban sani ba.

Na gama firamare, na ɗan taɓa gaba kaɗan, aka yi mini aure a Ƙaura Namoda. Maigidana tela ne. Muna haya a gida mai ɗaki biyu da 'yar baranda ta siminti a gaba, rufin kwano. Duk da haka kowace kaka sai na je gida ranar daɓe, in kwana biyu in dawo da kabewa a ka.

Sannu a hankali abubuwa suka fara canzawa. Aka fara jin an kore shanun wane, an tare wane a hanyar kasuwa. Wata shekara na je na tarar Gwaggo ta shafe bango da ƙasa zalla. Na tambaye ta ina ƙawarta. Ta ce rugar ta tashi, su ma an kwashe musu dabbobi, kuma ko sallama ba su samu yi ba. Ta ci gaba da jan layinta. Matan da suka zo daɓe a shekarar ba su kai rabin na da ba, kuma suna yi suna waiwayen hanya.

Shekarar da abin ya faru ban samu zuwa ba, ina fama da zazzaɓi. An yi gyaran ƙofa, an rataye gero, kwana huɗu ke nan. Da safe ne mutanen daji suka shigo a kan babura. Baba yana gona yana ɗaure dami, a nan suka same shi. Sai bayan kwana biyu wasu maza suka yi ƙarfin hali suka koma suka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan a kan wannan.

Gwaggo ta iso mana da la'asar a bayan wata motar ɗaukar kaya, ba takalmi, ƙafafunta duk ƙaya. Ba ta ɗauko tufafi ba, ba ta ɗauko ko kwano ɗaya ba. Amma a bayanta akwai wani abu da ta goya da zane kamar jariri. Da na kwance sai na ga ɗauri ukun nan ne. Wata da suka gudo tare ta faɗa mini cewa ana harbi, kowa na gudu, ita Gwaggo ta koma ta taka dakali ta fizgo su. Gashin geron duk ya kakkarce mata baya.

Ta shiga ɗaki ta zauna. Mako ya wuce, wani ya bi. Ba ta kuka, ba ta magana, abinci sai na yi da gaske take cin loma biyu. Matar da ta raine ni da faɗa, ga ta ina zubar da ruwa a gabanta ba ta ce mini uffan. Na tsorata ƙwarai. Na ga idan aka ci gaba a haka zan rasa ta ita ma.

Sai wata dabara ta zo mini. Na je kasuwa na sayo farar ƙasa da kabewa biyu da barkono. Na wanke barandar nan tas. Na tsoma yatsu uku na kewaye ƙofar, duk da siminti ba ya shan farar ƙasa kamar bangon laka. Maigidana ya buga ƙusoshi a jikin katakon rufi, na hau turmi na rataye geron. Sannan na shiga na kamo hannunta na fito da ita.

Ta daɗe tana kallo. A lokacin idonta ya fara rauni, sai da ta matsa kusa. Can ta ce, "Wa ya ja wanga layi?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo."

Ta ce, "Ya karkace. Shekara nawa kina kallona, ashe idanun banza kinka zuba mani."

Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba. Na shige bayan gida na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Tun daga ranar ta dawo cin abinci. Kullum da safe za ta shimfiɗa tabarma a barandar, daidai ƙarƙashin geron, ta zauna da carbinta. Kwana bakwai suka cika, ban sauke ba. Ina dalilin saukewa, alhali shi ne ya fito da ita daga ɗaki? Muka cinye kabewa, barkono ya shiga miya, farar ƙasa ta kakkaɓe, geron yana nan. Sanyi ya zo ya wuce. Zafin bazara ya shigo, kwanon rufi na ƙuna har ba a iya taɓa shi, geron yana nan, ita ma tana ƙarƙashinsa.

Da hadari ya fara haɗuwa, wani abokin maigidana ya ba mu aron ɗan gefen gonarsa a wajen Banga. Da na faɗa wa Gwaggo sai ta miƙe zaune sosai. Ta ce, "To alhamdu lillahi. In anka shuka shi bana, iri ya tsira. Ko shekara nawa munka yi a nan, ranar da za a koma, da shi za a koma. Gida ba bango ba ne, ɗiyata, bango ko yau ana tada wani. Wanga ne ba a samu a kasuwa."

Na bari sai da ta shiga sallar azahar, na jawo turmi na hau. Ina taɓa zangarniyar farko sai gari ya zubo mini a fuska. Na kama ta biyu, ta marmashe a hannuna. Daga nesa suna nan yadda suke, gashinsu tsaye, amma kowace ƙwaya an huda ta an cinye cikin, ƙananan ƙwari na ta fitowa suna bin yatsuna. Na sauke duka na kai bayan ɗaki na sussuke, na sheƙe, na tsince 'yan ƙwayoyin da nake ganin kamar suna da rai. Ba su cika tafin hannu ba. Na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na ɓoye, ina dubawa safe da yamma. Har kwana biyar ko ɗaya bai tsiro ba.

Maigidana ya ba wani dattijo manomi labari, cikin masu kawo masa ɗinki. Dattijon ya ce, "A ina kunka aje shi?" Da ya ji a baranda ne, sai ya kama baki. Ya ce ai kwana bakwai na ado ne kawai, don mutane su gani su yi addu'a. Bayan nan cikin zaure ake mayar da shi, a soke a jikin azara daidai saman inda ake hura wuta, hayaƙi ya yi ta dukansa duk tsawon sanyi, ƙwaro ba ya kusantarsa. Wanda ba shi da zaure kuma ya sussuke ya zuba a tulu da toka ya liƙe baki. Da maigidana ya faɗa mini, sai na tuna baƙin rufin zaurenmu, wanda na wuce ta ƙarƙashinsa sau dubu ban ɗaga kai ba. Na koyi yadda ake ƙawata ƙofa, ban koyi abin da ake yi a rana ta takwas ba.

Ban iya faɗa wa Gwaggo ba. Na je kasuwa na zaɓi gero mafi kyau da na gani, na auno, na zuba a ƙwarya na kai gabanta, na ce ga iri na sussuke. Ta sa hannu a ciki ta juya, ta daɗe tana murza ƙwayoyin. Sai ta yi bisimilla, ta tofa addu'a, ta ce, "Ku tahi ku shuka."

Duk daminar nan da ƙarya na kwana na tashi. Idan maigidana ya dawo daga gona za ta tambaya, ya tsiro? Ya yi kara? Ya fara fidda kai? Mu ce eh. Gero kuwa ya yi kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ina ganin kaka na matsowa kamar mai jiran ranar shari'a, don na san zangarniya ba ta ɓoye kanta.

Ranar ta zo. A lokacin idonta ya kusa rufewa gaba ɗaya. Ta ce in kawo mata zaɓaɓɓun zangarniyu ta kitsa. Na kawo na ajiye a kan cinyarta, na durƙusa. Ta ɗauki ɗaya ta shafa tun daga gindi har kai. Sumul take, ba gashi ko ɗaya. Ta ajiye, ba ta ɗauki ta biyu ba.

Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni. Ƙwari sun cinye namu tun bazara. Wannan na kasuwa ne."

Ta ce, "Na sani. Tun ranar da kinka kawo mani ƙwarya na sani. Ƙwayar tamu ta fi wagga tsawo."

Na ce, "To me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "Mi zan ce maki? Ke ba ki san ana saukewa ba. Ni na sani. Ranar bakwai na ƙirga ta da yatsuna, ina zaune a nan. Na ce bari a ƙara kwana ɗaya. Gobe ma na ce a ƙara ɗaya. In na ɗaga kai na gan shi, sai in ji kamar ubanki na cikin zaure, yanzu zai yi tari. Ban iya cewa a sauke ba." Ta laluba ta dafa kaina. "Ni na goyo shi daga wuta, ni kuma na zauna ina kallo ƙwari sunka cinye. Tashi, ba ke ba ce."

A iya sanina, ranar ce kaɗai ta taɓa ɗauke mini laifi.

Na share ido na ce to bari in rataya wannan ɗin, ko ba komai ƙofa ta yi kyau. Ta ce a'a. Ta ce ba a rataya baƙon gero a ƙofa. Sai an shuka shi an girbe, an fidda iri daga cikinsa an sake shukawa, har kaka uku, sannan ya zama na gida. Kafin nan abinci ne kawai. Ta ce in fidda na shuka in zuba a tulu da toka, sauran a kai turmi. Haka barandar ta wuce wannan kaka ba komai a samanta, kuma Gwaggo ba ta ƙara shimfiɗa tabarma a wurin ba. Damina ta gaba, ana tsakiyar noma, ta rasu a ɗakina bayan gajeriyar jinya. A nan Ƙaura aka binne ta, cikin mutanen da ba ta sani ba.

Na tambayi duk wanda na gani daga yankinmu ko akwai mai sauran gero mai gashi. Wasu sun tuna shi, har su kwatanta mini yadda yake a ƙofarmu. Babu wanda ya fito da ko zangarniya ɗaya. An ce zauren namu ma rufinsa ya rufta, ciyawa ta cinye dakalin.

A unguwar da nake yanzu ƙofofin ƙarfe ne, fenti ɗaya ake yi musu shekara da shekaru. Ba ka gane damina ko kaka daga ƙofar gidan mutum. Mu da muka zo daga ƙauyuka mun yi yawa a garin, kowa ka gani yana da abin da ya baro wanda ba ya son a tambaye shi. Da farko idan mun haɗu a wurin biki ko gaisuwa, maganar komawa muke yi, wane ya ce bayan girbi, wance ta ce idan hanya ta yi kyau. Yanzu mun rage yin ta.

Bana ce kaka ta uku. Zangarniyun sun fi mako a kusurwar ɗaki, ina wucewa ina kau da kai, don na san abin da ratayawar ke nufi. Yau da safe dai na dama farar ƙasa na ja layina, na kitsa ɗauri uku yadda na iya, na hau turmi. Ina saukowa sai ga wata tsohuwa 'yar asalin unguwar za ta kai niƙa. Ta tsaya da ƙwaryarta a ka, ta dubi ƙofar sama da ƙasa, ta yi murmushi.

Ta ce, "Kai, gida ya yi kyau. Ashe dai kun zama 'yan gari."

Da alheri ta faɗa, na sani. Na goge hannuna a zane, na ce mata, "Mun zama, Inna."